Sai An Ji Daga Bakinsa

"Me ka ce musu, Muhuyi?"

Safina ta riƙe ƙarfen ɗakin tsarewa na komisariya, wato ofishin 'yan sanda.

"Duk abin da suka tambaya 'wi', wato 'e', nake cewa, Safinata... ita kaɗai na iya a Faransanci."

Muhuyi ɗan Gusau ne, baƙo a ƙasar nan, atamfa yake sayarwa a kasuwar Dantokpa. An sami ƙwayoyi cikin wata dila a rumfarsa, ga shi ya amsa laifi bai sani ba.

"Kar ka ƙara cewa komai sai an kawo maka tafinta! Ka ce a sanar da ofishin jakadancin ƙasarku, haƙƙinka ne."

A gida, unguwar Zongo, mahaifinta Alhaji Boureima ya ɗaure fuska.

"Baƙo ne, Safina. Ki fita harkarsa. Ga Saminu ɗan ƙanwata, mun san asalinsa."

Ta durƙusa.

"Baba, ban ce ku yarda da shi ba. A ji daga bakinsa kawai. In ya aikata, wallahi da kaina zan rabu da shi."

Washegari ta hau zem, babur ɗin haya, zuwa ofishin jakadancin. Aka ce jami'in ya fita. Ta koma, ta sake komawa, ranar da ya saurare ta kuwa muryarta har ta dishe. Ya je ya ga Muhuyi, ya nema masa lauya, lauyan ya tsaya sai da kotu ta kawo tafinta.

Ranar shari'a Muhuyi ya miƙe, ya yi magana da Hausa.

"Dilar ba tawa ba ce. Saminu ne ya ce in ajiye masa ita."

Aka kira mai kurar da ya ɗauko kayan, ya nuna Saminu, da ke zaune a kotun, da yatsa.

Alhaji, da ya biyo ta don ta gani da idonta ta haƙura, ya sunkuyar da kai.

Da aka sallami Muhuyi, a bakin kotu ya dubi Safina, idanunsa jajir.

"Kin rame, masoyiyata..."

"Kai fa? Ka ga kanka?" Tana dariya tana share hawaye.

Alhaji ya yi gyaran murya, ya miƙa wa Muhuyi hannu.

"Ka yafe min, yaro. Ka kira Gusau, ka ce manyanka su zo."