Rariyar da Auta Ta Toshe

Bara waccan wurin nan daji ne, da bishiyoyi da ɗan tafki. Sai aka kawo katafila ta share shi tas. Yanzu gidaje ne jere reras, fenti iri ɗaya, kowanne da doguwar katanga. Ko kukan tsuntsu da ƙyar ake ji.

A gidan ƙarshe Auta take zaune da iyayenta. Babanta magini ne, shi ya ɗora rabin katangun unguwar. Bayan gidansu akwai ɗan guntun daji da ya rage.

Auta ta shuka tumatir a gindin katanga, tana ji da shi kamar me. Wata safiya ta tarar an tone ƙasar, tushe biyu sun kwanta. Ranta ya ɓaci. Da yamma ta laɓe don ta ga mai ɓarnar. Sai ga bushiya ta fito daga ƙarƙashin tarin katako. Ta ratsa ta cikin shukar, ta fice ta rariya, wato 'yar kafar da ruwa ke fita a ƙasan katanga.

Auta ta kai ƙara wurin Baba. Ya ce ta ƙyale ta, ƙwari kawai take nema. Ya kuma ja mata kunne kada ta taɓa rariyar.

"To, Baba," in ji Auta.

Amma a baki kawai ta amsa. Yarinyar nan akwai taurin kai! Washegari tana ganin bushiya ta fita, ta ɗauko rabin bulo ta cusa a rariyar, ta liƙe da laka. Har da kaɗe hannu, wai ta yi maganinta.

Bayan kwana biyu tana ba tumatir ruwa, sai ta ji wani ɗan kuka siriri daga tarin katako. Ta ɗaga katako ɗaya. 'Ya'yan bushiya ne guda huɗu a cikin busassun ganye, ko idonsu bai buɗe ba. Biyu suna motsi da ƙyar. Biyu kuwa sun sandare.

Ta ruga wurin Mama tana kuka. Ba ta ɓoye komai ba.

Baba bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ya kama hannunta suka zagaya bayan katanga. Can suka ga ƙasa duk a tone a bakin rariyar. Uwar ce ta yi ta haƙa, tana neman hanyar komawa wurin 'ya'yanta.

"Ni na kashe su, Baba," in ji Auta.

"Kin yi laifi, 'yata, don na hana ki," in ji Baba. "Amma ni ma ina da nawa. Kafin mu zo, duk nan gidan bushiyar nan ne. Mun sare bishiyoyi, mun cike tafki, mun kewaye ko'ina da bulo. Wannan 'yar kafar ce kaɗai ta rage mata."

Auta ta cire bulon da hannunta, har farcenta ya karye. Mama ta naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma, ta ajiye kusa da biyun da suka rage. Sauran biyun aka binne su a gindin tumatir.

Daga nan sai jira. Auta ta kasa cin abinci. Ta zauna a bakin ƙofa, ta zuba wa rariya ido. Idan uwar ba ta dawo ba, waɗannan ma ba za su kai gobe ba. Rana ta yi ƙasa, shiru. Auta ta fara cire rai.

Can gab da faɗuwar rana sai ga ɗan hanci ya leƙo. Bushiya ta shinshina, ta tsaya, sannan ta shige da sauri ƙarƙashin katako. Kukan nan siriri ya ɗauke. Auta ta ƙanƙame Mama tana hawaye, wannan karon na murna.

A makaranta ta ba da labarin gaban aji, duk da kunya ta ishe ta. Malama ta yaba mata da ta faɗi gaskiya. Ta ce kowa ya je gida ya duba katangarsu. Maƙwabta da dama suka kira Baba ya fasa musu 'yar kafa. Wasu har bishiya suka dasa.

Bayan wata guda Auta ta ga bushiya ta fita ta rariya, 'ya'ya biyu na biye da ita. Sun taka mata tumatir ɗaya, ko a jikinta.

Tun daga ranar Auta ta gane cewa ba mu kaɗai ne masu ƙasa ba. Idan mun gina gida inda dabbobi suke zaune, mu bar musu hanya da wurin fakewa. Kuma idan iyaye sun hana abu, a tsaya a ji dalili.