Kafin Malama Ta Ce Na'am

Inna ta kira surukarta daga ƙofar falo, ta sake kira, sai can Malama ta ɗago kai daga wankin kofuna ta ce, "Na'am, Inna."

"Sai yanzu kika ga dama?" Inna ta juya ga ɗanta Auta, wanda ke ɗaura takalmi zai tafi shagonsa na walda. "Ka dai gani da idonka. In yi magana ta zuba min ido, sai ta gama yangarta sannan ta amsa. Jiya na ce ta kashe dutsen guga ta miƙo min magani, ta kawo maganin ta bar mayafina ya ƙone. In ba raini ba, mene ne wannan? Ko ta bar gidan nan, ko ni in bar muku."

Auta ya san Inna ba ta yin magana biyu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, kaifin bakin Malama ne ya fara jan hankalinsa gare ta. Malamar lissafi ce, kuma a da kafin ya rufe baki da zolaya ta mayar masa da wadda ta fi tasa. Bara ƙafarta ta yi sanyi, ido ɗaya ya yi hazo, asibiti suka ce ciwon jijiyoyi ne mai suna MS. Da ƙafar ta warware, Inna ta yanke hukuncin cewa an warke, saura iya shege.

Ya leƙa kicin ya tarar da matarsa tana share hawaye da bayan hannu.

"Wallahi ina jin ta," in ji Malama a hankali. "Maganar ce ke daɗewa kafin ta iso. A aji ma yara sun fara riga ni ba da amsa. Kada ka saɓa wa Inna saboda ni, ka ji?"

"Ba zan saɓa mata ba, kuma ba inda za ki je."

Ya dawo ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Inna, alfarma ɗaya nake roƙo. Jibi za a sake yi mata hoton ƙwaƙwalwa, kuma likita ta ce a zo da wanda ya fi kowa lura da ita a gida. Ki je ki faɗi duk abin da kika gani. Bayan nan sai mu zauna."

A ba Inna fili ta karanto laifin suruka a gaban likita? Ai tun kafin su Auta su gama shiri ta riga su shiga mota.

A ɗakin hoto aka samu cikas. Malama na tsoron na'urar MRI, wani dogon rami da ake tura mutum ciki a kwance, don haka aka yarda wani ya shiga ya tsaya kusa da ita. Auta ya miƙe, ma'aikaciyar ta tambayi sana'arsa.

"Walda? Ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido?"

"Ba sau ɗaya ba."

"To ka yi haƙuri. Maganaɗisun da ke cikin nan zai iya jawo shi ya lalata maka ido. Sai dai Mama, in za ta cire awarwaro da 'yan kunne."

Awarwaron nan marigayi mahaifin Auta ne ya saya mata, kuma Auta bai taɓa ganin hannunta babu su ba. Inna ta dubi Malama. Ta ja tsaki, ta ce a ba ta sabulu, ta murje su da ƙyar ta dangwara wa ɗanta a hannu.

"Ba don halinta ba," ta ce.

Ta gilashi Auta ya hango su. Na'urar ta fara ƙara kamar ana dukan ƙarfe a shagonsa, ƙafafun Malama kaɗai ke waje. Da farko Inna ta harɗe hannu a ƙirji. Can sai ya ga ta miƙa hannu ta riƙe ƙafar, ba ta kuma saki ba har aka gama.

Ranar karɓar sakamako, likitar ta fara yi wa Malama gwajin haɗa alamomi da lambobi cikin sauri. Malamar lissafi guda tana gumi a kan abin da ɗalibanta za su yi da dariya, amma ba ta ajiye biron ba. Daga nan likita ta juya ga Inna.

"Mama, me kika gani a gida?"

Inna ta gyara zama ta zazzage komai, daga kiran da ba a amsawa, zuwa mayafi, zuwa aike biyu da kullum ake dawowa da ɗaya. Likita na ta gyaɗa kai, Inna na kallon ɗanta da alamar nasara.

"Kin taimake ni ƙwarai," in ji likita. Ta juyo da allon kwamfuta. "Ga hoton bara, ga na yanzu. Kin ga waɗannan fararen ɗigon? Nan ne ciwon ya cinye rufin jijiya, kamar wayar lantarki da ɓera ya ɓare. Saƙo yana wucewa, amma a hankali. Nan tsakiya kuma, inda saƙonni ke haɗuwa, ya ɗan ragu. Hoto kaɗai ba ya isa in yanke magana, sai na haɗa shi da gwajinta da abin da kika faɗa, kuma duka ukun bakinsu ɗaya. Hankalinta na nan daram, sauri ne ya ragu."

"Wato ba da gangan take yi ba?"

"Ko kaɗan. Lokacin da kike ganin ta yi shiru, aiki take yi don ta amsa miki. Ba mu da maganin da ke warkar da shi, amma za mu canza mata wanda zai rage masa gudu. Sauran maganin yana gida: magana ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma jira ta."

Inna mai baki kamar an kunce famfo ta kasa haɗa ido da Malama har suka isa gida. Auta ya tausaya mata, don ya san kunya ce ke cin ta. Suna shiga falo ta zaunar da Malama a kujerarta, kujerar da ko shi ba ya zama a kai.

"'Yar nan, na zalunce ki, ke kuma ko sau ɗaya ba ki ɗaga min murya ba. Kin yafe min?"

Malama ta zuba mata ido. Shirun nan ya zo, irin wanda ya kusa raba auren. Auta ya buɗe baki zai sa baki, Inna ta ɗaga masa hannu.

"Ƙyale ta. Tana zuwa."

Ta jira, hawaye na bin kumatunta, har Malama ta kama hannunta ta ce, "Na yafe, Inna. Tun ranar da kika riƙe min ƙafa."

Yau Malama na koyarwa a ƙaramin aji, kuma kaf unguwar ba mai katse mata magana a gaban Inna ya kwashe lafiya. Auta kan tsokane ta cewa amsarta ta fi daɗi yanzu tunda sai an jira, ita kuma ta ɗan yi shiru, sannan ta mayar masa da wadda ta fi tasa.

Haƙurin Malama da ladabin Auta ne suka riƙe gidan nan har gaskiya ta bayyana. Kafin ka kira wani mai raini, ka bincika ko ciwon da ido ba ya gani yake fama da shi, kuma in kana son mutum, ka ba shi lokaci ya amsa.