Baba Ne Ya Ɗauka

"Ba zan sa hannu ba, Yallaɓai."

Shugaban caji ofis ya ɗago kai daga wayarsa, ya dubi Sufeto kamar bai ji da kyau ba. Ita kuwa tana tsaye ƙyam, fayil ɗin na kan tebur inda ya jefo mata shi.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan tura mutum kotu ba alhali ko gidan da aka yi satar ban taka ba."

"Kin san wanda ya kawo ƙara kuwa? Ɗan Kwangila ne, wanda ya yi mana rufin ofishin nan da kike tsaye a ciki. Awarwaron zinariyar mahaifiyarsa aka sace. Ɗan uwansa da ya zo hutu da iyali shi ya ɗauka, 'yarsa da bakinta ta ce babanta ne. Me ya rage?"

"Bincike ya rage, Yallaɓai."

"Digirin nan naki ne ke hura miki kai." Ya nuna ta da biro. "Kafin a tashi aiki ina son fayil ɗin nan da sa hannunki. In ba haka ba, kujerarki tana rawa."

Ta sara masa, ta ɗauki fayil ta fita. Tun tana makarantar horo an san ta, da zarar an ce mata haka ake yi, sai ta tambayi wanda ya ce.

A bayan kanta, inda ake tsare mutane, ta sami wanda ake zargi, wani siririn mutum mai tabarau, mai shagon sayar da magani a garinsu mai nisa. Ya kwana a zaune, rigarsa duk ta yamutse.

"Me ya haɗa ka da gidan?"

"Ubana da uban Ɗan Kwangila wa da ƙane ne, ranki ya daɗe. Ina jariri uwata ta rasu, mahaifiyarsa, Iya, ita ta goye ni. Na daɗe rabona da su, yarana ba su taɓa ganin dangina ba." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Tun da aka ba su hutu suke haɗa jaka suna zazzagewa. A mota kuwa, babban ya tambaye ni ko mun iso har muryarsa ta dishe, Auta ta yi wa kowace saniya da muka wuce sannu. Ga inda hutun ya kawo mu."

"Jiya da rana kana ina?"

"Wurin bakanike, bayan tashar mota. Motar ta yi zafi a hanya."

"Ka faɗa wa wanda ya ɗauki bayaninka?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Sufeto ta juya wajen Kofur, wanda ke jingine da bango yana sakace. "Ka ji? Je ka wurin bakaniken. Daga nan ka jira kirana."

"Madam, rana fa ta take."

"Ba narkewa za ka yi ba. Tafi."

Gidan Ɗan Kwangila babba ne, da ƙofar ƙarfe da motoci a rumfa. Abin da ta fara gani a tsakar gida shi ne akwatunan baƙi an watso su waje, da ƙwallon yara da takalmi wari ɗaya. Wata matashiya na zaune a kan babban akwatin, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yara biyu sun lafe a jikinta.

"Ke ce matar mai magani?"

"Ni ce. Malamar makaranta ce ni, ba matar ɓarawo ba. Sun ce in tattara in tafi, na ce ko ƙanƙara za a yi a kaina ba inda za ni sai da mijina. Nan muka kwana."

"Kina nan yarinyar ta yi magana?"

"Ba na nan. Mun fita sayen tsaraba da matar gidan. Ina dawowa aka tare ni da ihu, wai Auta ta ce babanta ne. Na tambaye ta, sai kuka take, sun firgita ta."

Sai ga Ɗan Kwangila ya fito, tumbi a gaba, mukullai na kaɗawa a yatsa.

"A'a! 'Yata, har kin wahalar da kanki? Ai mun gama magana da shugabanki."

"Ina kake jiya da rana, ranka ya daɗe?"

"Wurin ginin da nake yi, tun safe. Ina shigowa na tarar da kuka."

"Ka san inda Iya ke ajiye mukullin akwatinta?"

"Ni? Ina ruwana da kayan mata?"

Ta gyaɗa kai, ta aika wa Kofur saƙo ya leƙa wurin ginin, sannan ta nemi a nuna mata ɗakin tsohuwa.

Ɗakin Iya ƙarami ne, mai gadon ƙarfe mai tsayi, zanen gado ya sauko har ƙasa. Tsohuwa na zaune a kan tabarma, idanunta sun yi ja. Sufeto ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta jawo akwatin. Kwaɗon lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu.

"Iya, da mukulli aka buɗe wannan. Ina kike ajiye shi?"

"Cikin rigar matashina. 'Yan gida kaɗai suka sani."

"Kina ganin ɗan da kika goya zai yi miki sata?"

"Abin da ya hana ni barci ke nan, 'yar nan. Ya za a yi mutum ya saci abin da yake nasa? Awarwaron ai na uwarsa ne. Ita ta danƙa mini kafin ta cika. Na ƙudura in ba matarsa ranar da za su koma."

Sufeto ta gyara zama. "Shi ya sani?"

"A'a, so nake in ba su mamaki. Ɗana kaɗai na gaya wa, ranar da suka iso."

"To yarinyar fa, me ta ce? Ba abin da aka ce ta ce ba. Maganarta, yadda ta fito daga bakinta."

Iya ta lumshe ido. "Na dawo daga wanka na buɗe akwati, na ga wayam, na sa salati. Sai ta ja zanena ta ce, 'Iya, Baba ne ya ɗauka. Ina ɓuya a ƙarƙashin gado na gan shi.' Ɗana na bakin ƙofa, ya ce, 'Kun ji ko? Ubanta ne!' Kafin in ce uffan ya kira ku."

Sufeto ta fito tsakar gida, ta cire hularta, ta tsuguna a gaban yaran. Auta, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ta leƙo daga bayan uwarta, ta miƙa yatsa ta taɓa maɓallin kakin mai walƙiya.

"Yana da kyau ko? Ni ma ina son wasan ɓuya. Wa ya fi iya ɓuya, ke ko Yaya?"

"Ni!" Sai kuma ta ɓata fuska. "Ke ce kika kulle Abbana?"

Sufeto ta ƙara matsowa kusa da ita.

"Wa na kulle?"

"Abbana."

"Abbanki mai tabarau?"

"E."

"To, Baba fa? Wane ne Baba?"

Yayanta ya tuntsire da dariya, karo na farko tun jiya. "Kai! Ba ta san Baba ba! Baba ai shi ne mai tumbi!"

Malama ta miƙe zumbur, hannu a baki. "Innalillahi! Baba ta ce? Ba babanta ba?" Ta kama hannun Sufeto tana girgizawa. "Yarana ba su taɓa ce wa ubansu Baba ba, Abba suke cewa tun da suka fara magana! Ni na koya musu a mota, tun daga gida har muka iso, don kada su ba mu kunya a gaban dangi. Yaya, maimaita mata!"

Yaron ya ƙame kamar a aji. "Tsohuwa Iya ce. Wan Abba Baba ne. Ƙanwar Baba Gwaggo ce. Ban da nuna mutum da yatsa."

"Ban da cewa mai tumbi!" in ji Auta.

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Kofur ne, yana haki.

"Madam, abin ya yi daɗi! Bakanike ya ce mai tabarau a kansa ya yini, har ya ishe shi da tambaya. Wurin gini kuma siminti ya ƙare, an dakatar da aiki. Jiya ko inuwar maigida ba su gani ba."

"Hau babur ka same ni yanzu. Ka zo da ankwa."

Ta tara kowa a falo. Direba da maigadi suna tsaye bakin ƙofa, matar gidan da Gwaggo a kan doguwar kujera, Iya a gefe, Ɗan Kwangila ya baje a tsakiya yana duba agogo. Sufeto ta ciro biskit daga jakar Malama ta ba Auta.

"'Yar kirki, kai wa Baba."

Yarinyar ta wuce direba, ta wuce maigadi, ko kallonsu ba ta yi ba. Ta je ta ɗora biskit ɗin a kan gwiwar Ɗan Kwangila.

"Ga shi, Baba. Ka mayar wa Iya abin hannunta, tana kuka."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ɗan Kwangila ya miƙe, biskit ya faɗi.

"Wannan wane irin shirme ne? Maganar yarinyar da ko majina ba ta iya sharewa ba?"

"Jiya maganarta ta isa a kulle mutum," in ji Sufeto. "Yau ce ta zama shirme? Ka ce kana wurin gini, ba ka je ba. Ba a fasa kwaɗo ba. Kuma kai kaɗai ka san awarwaron zai bar gidan nan."

Ɗan Kwangila ya latsa waya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya miƙo mata. Muryar shugabanta ta cika falon.

"Ki fita daga gidan nan yanzun nan! Umarni ne!"

"Zan fito, Yallaɓai. Tare da mai laifi."

Ta kashe, ta ajiye wayar a kan tebur.

Iya ta dafa bango ta tashi. Ta tako har gaban ɗanta, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Dube ni."

Ya kasa.

"Na ce ka dube ni!"

Sai ya fashe. "To, ni na ɗauka! Tun ina yaro awarwaron nan yake gidan nan. Ni na gina miki ɗaki, ni nake kai ki asibiti. Wanda sai yanzu ya tuna da ke ya kwaso yara ya zo, shi za ki ɗauki zinariya ki miƙa wa? Ɓoyewa kawai na yi niyya, sai sun tafi. Da yarinyar ta ce Baba, na ga kowa ya juyo, sai bakina ya riga ni."

"Ɗaukar na yafe maka," in ji Iya. "Amma ka kai marayan da na goya bayan kanta ya kwana, kai kuma ka yi barci?"

A but ɗin motarsa aka samo awarwaron, ƙarƙashin tayar safaya, a naɗe cikin safa. Kofur, wanda ya iso gumi sharkaf, ya sa masa ankwa cike da ladabi.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe, ba mu da ankwa babbar lamba."

Aka fita da shi ta gaban akwatunan da ya sa aka watsar.

Da aka buɗe wa mai magani ƙofa, yaran suka yi kansa da gudu suna "Abba! Abba!" har tabarau ya faɗi. Malama ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe hannun Sufeto da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba. Suka ƙarasa hutunsu a ɗakin Iya, bisa rantsuwar tsohuwa cewa duk wanda ya taɓa akwatunansu ita ma ya fitar da nata.

Ɗan Kwangila kuwa ko kwana bai yi ba aka ba da belinsa.

A makon nan aka cire Sufeto daga sashen bincike. Aka zare sunanta daga cikin waɗanda za a ƙara wa girma, aka tura ta babban shataletale ta riƙa ba motoci hannu. Abokan aiki sun ba ta shawara ta je ta ba shugaba haƙuri, kalma ɗaya kawai, a mayar mata da kujerarta. Ta ce ba ta ga laifin da za ta nemi gafara a kansa ba.

Waɗanda suka fito makarantar horo tare da ita sun wuce ta da muƙami, yanzu ita ke sara musu. Ta rasa ofis, ta rasa ƙarin girma, ta rasa aikin da ta fi so a duniya. Har yanzu tana can a tsakiyar titi, cikin rana da hayaƙin motoci, kuma ba ta je ba da haƙurin ba.