Ɓarawon Da Ya Mayar Da Sifana

Sufeto bai gama kurɓar shayinsa na safe ba aka shigo masa da mutumin. Ƙato ne mai ƙyallin goshi, aljihun gabansa cike da biro kala-kala, ya rungumo wata takarda da aka yi wa gidan gilashi kamar hoton kakansa. Tun daga bakin ƙofa ya fara gabatar da kansa.

"Ni ne Injiniya. Na san ka san ni."

"Ban san ka ba," in ji Sufeto. "Zauna. Me aka yi maka?"

Injiniya ya ɗora gilashin a kan tebur a hankali. Takardar mallakar ƙirƙira ce, shaidar hukuma cewa shi ya fara ƙera abin, babu mai ikon kwaikwayonsa sai da izininsa. Abin kuwa injin awon man girki ne na masu shago. Ka danna hannunsa, awon da kake so ya sauko cikin kwalba ya tsaya cak, ko ɗigo ba ya biyo baya. Ƙwaya ɗaya tal ya ƙera, ita ce aka fasa masa shagon aiki a ƙarshen mako aka ɗauke, alhali saura ƙiris ya kai wa wani babban dila.

"Wa kake zargi?"

"Ba zargi ba ne, sani ne. Surukina ne, yayan matata, mai walda. Shi ya taya ni haɗa jikin injin. Ai na yi magana da oganku, tun jiya yana sel ɗinku a kulle."

Sufeto ya ture kofin shayin gefe. Babu wanda yake ƙona masa rai kamar mai ƙarar da ya zo da ɓarawonsa a aljihu, ya kuma bi ta saman kansa aka kulle mutum kafin ya ji komai. Fasa shago da sata ba wasa ba ne. Idan takarda ta tafi kotu a haka, mai waldar nan sai ya yi shekaru bai ga ƙofar gidansa ba.

"Kofur, ɗauko mota," ya ce.

An fasa kwaɗon shagon da gaske, amma ciki kamar ɗakin asibiti. Bango ɗaya takardun mallaka ne a jere: dutsen guga mai kashe wuta da kansa, tsintsiya mai naɗewa, mabuɗin gwangwani mai hannu biyu, tarkacen da Sufeto bai taɓa gani a gidan ɗan Adam ba. Ɗaya bangon kuma allo ne. An zana siffar kowane kayan aiki da jan fenti, kowanne yana rataye daidai kan zanensa.

Sufeto ya tsaya gaban teburin da aka ɗaure injin a kai. Notocin da aka kwance suna cikin faranti a jere, kowanne da washarsa. Man da ke cikin injin an juye shi a jarka an rufe, an goge mazurari an kifa shi a kai.

"Ka taɓa wani abu tun da ka shigo?"

"Allah ya kiyaye. Na san doka."

"Da me aka kwance notocin nan?"

"Da waccan sifanar mana." Injiniya ya nuna allo ba tare da ya waiwaya ba. Sifana tana nan a mazauninta, fes da ita.

"Ikon Allah," in ji Sufeto. "Ɓarawo ya fasa ƙofa, ya yi sata, ya wanke kayan aiki ya mayar. Kofur, in mun kama shi ka kai shi gidana, akwai shara."

Kofur ya ƙunshe dariya. Injiniya ko murmushi bai yi ba.

"Ka gani ko? Ɗan gida ne. Wanda ya san wurin ne kawai zai yi haka."

Maganar ta shiga hankali, abin da ya ƙara wa Sufeto haushi ke nan.

Daga nan suka fito da mai walda daga sel suka kai shi nasa shagon. Siririn mutum ne mai jajayen idanu, tun a mota yake rantsuwa cewa tun da aka gama injin bai sake tunaninsa ba, ko a mafarki.

Shagon nasa bola ce mai rufi. Guntayen ƙarfe, wayoyi a cukurkuɗe, kwanon abincin shekaranjiya a kan injin walda. Sufeto ya nemi wurin taka ƙafa ya rasa.

"Miƙo min sifana," ya ce.

Mai walda ya duba sama ya duba ƙasa, ya zazzage buhu, ya ɗaga tabarma, ya zagi wani maƙwabci da ba ya nan. Can da ƙyar ya zaro wata daga cikin tsohon takalmi, duk tsatsa. Sufeto ya dube ta bai karɓa ba.

Kofur ne ya yaye wani tamfol a lungu. Ga wani ƙarfe mai hannu da baki, a karkace, yana zaune cikin kududdufin mai da ya daskare da ƙura.

"Wannan fa? Ko shi ma ba ka yi mafarkinsa ba?"

Mai walda ya zube a ƙasa. "Yallaɓai, ka yi wa Allah. Kwaikwayo na yi, ba nasa ba ne, dubi waldar ka gani. Ƙira na sata, ban saci ƙarfe ba."

"Kana cin abincin gidan ƙanwarka kana satar ƙirar mijinta. Sannu da zumunci. Me ya hana ka sayarwa?"

"Yoyo yake. Ranar farko lafiya ƙalau, daga baya robar bakin ta kumbura ta yi laushi, mai ya yi ta tsiyaya. Irin robarsa na sa, wallahi, guntunta ma daga shagonsa na tsinto. Na ɗauka hannuna ne bai kai nasa ba."

Da suka mayar da shi sel, Kofur ya goge hannu ya ce ai magana ta ƙare, wanda ya kwaikwaya shi zai sata. Sufeto ya ce mutumin da sifanarsa take kwana a takalmi ba zai rataye ta wani a allo ba, ko da bindiga aka tsare shi.

Daga nan suka wuce wurin dilan da za a kai wa injin. Yana zaune a tsakiyar sikeli da firji da akwatunan ajiye ciniki, yana juyi a kujera mai taya. Ya ce shi bai san wani mai walda ba, harkarsa da manya yake yi. Sai da Sufeto ya ce to bari a kawo mai waldar ya gaishe shi, sannan ya tuna cewa ya taɓa ce wa wani ya gwada yi masa mai araha, cikin raha dai.

"Ka taɓa ganin injin Injiniya yana aiki?"

"Da idona. Tsaf yake yankewa."

"Da mai?"

Dila ya daina juyi. "Da ruwa ne mai launi. Ya ce mai yana ɓata tufa. Shi ya sa na ce a kawo shi nan, a zuba mai na gaskiya, ya yi mako a gaban jama'a kafin in sa hannu. Tun daga ranar kullum da uzurinsa, yau mura, gobe rasuwa. Wannan karon na ce masa in bai kawo ba zan gaya wa duk 'yan kasuwa dalili."

Sufeto ya tashi ba sallama. Mutum uku ya gani tun safe, a cikinsu babu wanda zai ba ajiyar ko da akuya.

Da la'asar suka isa gidan Injiniya. Matarsa ce ta buɗe, idanunta a kumbure, tsintsiya a hannu, ta talakawa ba mai naɗewa ba. Mijin yana falo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Malama, ina maigidanki yake ranar da aka fasa shagon?"

Ta kalli mijin kafin ta amsa. "Yana gida. Ko ƙofa bai leƙa ba."

"Kin san yayanki gobe za a kai shi kotu?"

"Na sani. Ni dai ban san Yaya da ɗauke-ɗauke ba, amma tunda baban yara ya ce shi ne..." Ta sunkuya ta kai wa ƙasa shara da ƙarfi, don ta samu abin yi da hannunta.

Sufeto ya dubi abin da take sharewa. Kiyashi ne, layi guda, sun fito daga gindin ƙofar waje sun bi jikin bango sun nufi baranda.

"Sun dame ki ke nan."

"Tun shekaranjiya. Na share sun dawo, na zuba magani sun dawo. Kicin ɗina kuwa ko ɗigon mai ba na bari."

Sufeto ya bi layin a hankali, hannu a baya, har ya kai shi ƙofar sito. Kiyashin suna shigewa ta ƙasanta. A jikin ƙofar akwai sabon kwaɗo.

"Tarkace ne a ciki," in ji Injiniya daga bayansa. Yanzu ya sauke ƙafar. "Makullin ma ya ɓata."

"Ba komai. Kofur, samo guduma. Ka daki ƙofar da kyau, in ta faɗa ciki ta danne tarkacen babu asara."

Kofur ya dawo da guduma ya ɗaga ta sama.

"Tsaya!" Injiniya ya yi tsalle ya tare ƙofar da jikinsa. "Za ka faɗo masa da ita! Ba ku san darajar komai ba!" Ya zaro makulli daga bayan birorin aljihunsa.

Injin yana tsaye a kan kujera, an lulluɓe shi da bargo sabo. An ajiye kwanon silba a ƙarƙashin bakinsa. Suna tsaye suna kallo ɗigon mai ya taru, ya yi nauyi, ya faɗa cikin kwanon, wani ya fara taruwa. A gefe an shimfiɗa farin ƙyalle, an jera robobi iri-iri daga ƙarama zuwa babba, waɗanda aka gwada a hagu, waɗanda ba a gwada ba a dama.

Matar ta saki tsintsiyar.

"Kwanona ne wannan," ta ce, kamar shi ne abin da ya fi muhimmanci.

"Ɓarawon kirki da ya jefa shi a kogi," in ji Sufeto. "Kai ko fasa shagonka ba ka iya yi ba sai da ka goge mazurari. Faɗi da bakinka, na gaji."

Injiniya ya zauna a bakin buhu. Ƙyallin goshin ya koma gumi.

"Ƙirar ba ta da laifi," ya ce. "Robar ce. Da ruwa na yi gwaji, hukuma ta ba ni takarda, jarida ta buga hotona. Ban san mai yana cin irin wannan robar ba sai daga baya. In kai shi gaban 'yan kasuwa ya yi ta tsiyaya kamar hancin yaro? Ni? Lokaci kawai nake bukata. In an ce an sace, babu mai cewa ba ya aiki."

"Shi ya sa ka kulle surukinka."

"Ai ba wani mutumin kirki ba ne. Na daɗe da sanin yana kwaikwayona."

Matar ta matso. Muryarta ba ta tashi ba. "Baban yara, ka sa na yi ƙarya a kan ɗan'uwana, uwa ɗaya uba ɗaya. Da ba a gane ba, barinsa za ka yi a gidan yari?"

Ya dube ta da mamakin gaske, kamar ta yi tambayar wauta.

"Haba, ke ma dai. Wata nawa zai yi? Da na samu robar da ta dace sai in janye ƙara."

Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da takalmi a hannu, ta wuce ta gabansa kamar ta wuce kujera.

"Yallaɓai," ta ce wa Sufeto, "in akwai wuri a motarku ku rage min hanya. Zan je in ɗauko Yaya."

Kofur ya ɗaura wa Injiniya ankwa. Sai a lokacin tsoro ya bayyana a fuskarsa, ya matso kusa da Sufeto ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Ka rubuta na yi ƙarar ƙarya, ka rubuta na fasa shago, ka rubuta ni ɓarawo ne ma na yarda. Amma don Allah kada ka rubuta yana yoyo."

Sufeto ya dube shi. Ya ga masu kisa suna kuka saboda 'ya'yansu, ya ga 'yan fashi suna roƙon kada a gaya wa uwarsu. Bai taɓa jin ƙyamar mai laifi kamar ta yau ba.

"Da yoyon zan fara," ya ce. "Kofur, sa shi a baya. Malama ta zauna gaba."