Sabulu Da Kati Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, kowa Sabulu yake ce mata. Kakarta ce ta laƙaba mata wannan suna saboda tsabar son wanki. Idan ka ajiye hularka ka juya baya, kafin ka waiwayo ta jiƙa ta. Har kyanwar gidan ta taɓa wankewa. Tun daga ranar, kyanwar ba ta sake yarda da ita ba.

Sabulu tana da ƙane ɗan shekara biyar, shi ne Auta. Ɗaki ɗaya suke kwana. Auta yana fama da tari. Idan abin ya taso masa, ƙirjinsa sai ya riƙa yin fii-fii kamar an hura usur. Umma ta ba shi maganin tari har kwalba uku, shiru. Baba tela ne, shagonsa yana jikin gidan. Kullum sai ya ce, "Sanyi ne, zai wuce."

Amma bai wuce ba.

Wata Litinin, Malam ya shigo aji da baƙuwa. Likita ce mai bincike, daga babban asibiti. Ta rungumo wani mutum na roba, ba hannu ba ƙafa. Ta dasa shi a kan tebur.

Akwai wani yaro a ajin mai surutun tsiya, Aku ake ce masa. Ya ɗaga hannu. "Malam, sabon ɗalibi muka yi? Ai ko riga bai sa ba."

Aji ya kwashe da dariya.

Likita ta ce, "Ɗalibina ne. Shekara huɗu muna tare, bai taɓa yi mini surutu ba."



Likita ta buɗe ƙirjin mutumin roba kamar ƙofar kabad. Ta ciro wasu abubuwa guda biyu. Ta ce, "Wannan shi ne huhu. Kowa yana da biyu. Iska tana shiga ta hanci, ta gangara, ta rarrabu a ciki kamar rassan bishiya. A ƙarshen rassan akwai 'yan jakunkuna ƙanana. Sun fi gashin kanku yawa nesa ba kusa ba. Nan jini yake zuwa ya karɓi rabonsa na iska."

Sabulu ta saki baki. Ta dafa ƙirjinta. Ashe duk wannan aiki ake yi a ciki, ita ba ta da labari!

Likita ta ce, "Tambaya ɗaya nake bi. Me ya sa yaran wasu gidaje suke yawan tari, na wasu kuma ba sa yi? Na auna ƙirjin yara da yawa. Yanzu iskar ɗakinsu nake son gani. Ku ne za ku taimake ni."

Ta raba wa kowa farin kati. An shafa masa wani mai mai danƙo, an rubuta lamba a bayansa. Na Sabulu lamba goma sha bakwai ne.

"Ku rataye shi a ɗakin da kuke kwana. Kwana bakwai. Duk abin da yake yawo a iska zai manne a jiki. Kada ku taɓa, kada ku goge. Yadda ya fito, haka nake son sa."

Sabulu ta rataye nata a ƙusa, kusa da taga, daidai saitin katifar Auta.

Kwana biyu, katin ya yi toka-toka. Kwana huɗu, ya yi duhu. Sabulu ta share ɗakin, ta goge taga, ta wanke labule. A banza. Ranar kwana na shida, katin ya koma kamar gindin tukunya.

A makaranta kuwa Aku ya baza labari. "Duk wanda katinsa ya yi baƙi, gidansu bola ne. Za a manna sunansa a allo, a rubuta Sarkin Ƙazanta."

Ƙarya yake yi, ba wanda ya ce haka. Amma Sabulu ta ɗauka gaskiya ne. Ita da take wanke har igiyar shanya, ita za a ce wa ƙazama?

Ana gobe za a mayar, ta cire katin. Ta cusa shi a leda, ta tura ƙarƙashin akwatin kayanta. Ta samo wani farin kwali a shagon Baba, ta yanke shi daidai. Ta lakato man shafawar Umma ta mulke shi. Ta rubuta goma sha bakwai a baya.

Auta yana kallonta. Ya ce, "Yaya, me kike yi?"

"Aikin makaranta. Rufe mini baki."

Washegari kowa ya kawo nasa. Malam ya ɗaga na Sabulu ya ce, "Kai! Wannan ai ya fi haƙorin jariri fari." Aka tafa mata. Sabulu ta riƙa fasa kai.

Na Aku kuwa ya yi dumu-dumu. Yana ta ɓoye shi a bayansa. Amma da Likita ta gani, sai ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Madalla da kai! Irin wannan nake nema. Gidajen da katinsu ya yi duhu, su zan fara ziyarta, mu gano inda hayaƙin yake fitowa. Masu farin kati ba su da matsala."

 Sabulu ta so ta faɗi gaskiya, amma ta fasa. Ai an riga an tafa mata.

Bayan kwana uku Aku ya zo yana taƙama. Wai Likita ta je gidansu da kanta. Ta gano maƙwabcinsu ne yake ƙona shara a bayan katanga. An yi magana, an daina. "Har hannu ta ba ni," in ji shi. "Ban wanke hannun ba har yanzu."

Gidan su Sabulu, ba wanda ya zo.

Ranar Asabar da rana aka ɗauke wuta. Baba yana da ɗinki mai yawa, sai ya tayar da janareta. Auta yana barcin rana a ɗaki. Can sai Umma ta ji tari ba ƙaƙƙautawa. Ta shiga da gudu. Ta tarar da shi zaune, ido ya firfito, yana jan numfashi da ƙyar.

"Baban Auta! Zo ka gani!"

Baba ya yar da almakashi. Ya saɓi Auta a kafaɗa. Suka nufi asibiti, Sabulu tana bin su da takalmin Auta a hannu.

Aka sa wa Auta wani abu a hanci da baki mai fitar da tururi. A hankali numfashinsa ya daidaita. Da likitar yara ta shigo, Sabulu ta so ƙasa ta tsage ta shige. Likita mai mutumin roba ce.

Likita ta saurari ƙirjin Auta, gaba da baya. Ta ce, "Hanyoyin iskarsa sun kumbura, sun matse. Akwai abin da yake tsokanarsu." Ta dubi Sabulu. "Ke ba 'yar aji biyar ba ce? Mene ne lambarki?"

"Goma sha bakwai," in ji Sabulu, murya ƙasa-ƙasa.

Likita ta ciro wani babban littafi daga jakarta. Ta bi layi da yatsa. "Goma sha bakwai. Katin da ya fi kowane fari." Ta ɗago kai. "To, idan katin nan gaskiya ya faɗa, ba iskar ɗakin ba ce. Sai mu nemi dalili a wani wuri. Za a ɗebi jininsa, a ɗauki hoton ƙirjinsa."

Auta ya ji maganar jini, ya fasa kuka. "Umma, ba na son allura!"

Umma ta ce, "Likita, kafin nan yaya za mu yi da shi?"

Likita ta ce, "In dai ɗakin yana da kyau kamar yadda katin ya nuna, sai ya zauna a ciki ya huta. Kada ya fita ko'ina." Tana magana, amma idonta yana kan Sabulu.

Sabulu ta tuna baƙin katin. Ta tuna inda ta rataye shi, daidai kan Auta. Abin da ya manne a katin, shi ne yake shiga 'yan jakunkunan nan na ƙirjinsa. Yanzu kuma za a mayar da shi ciki, a rufe ƙofa.

"A'a! Kada a kai shi ɗakin!"

Kowa ya juyo.

Hawaye ya ɓalle mata. "Ba katin ba ne. Kwalin Baba ne na yanka. Na gaskiyar ya yi baƙi ƙirin. Na ji tsoro a ce mu ƙazamai ne."

Umma ta riƙe haɓa. "Ke Sabulu! Ashe ke kika ƙarar mini da man shafawa, nake ta zargin kakarki?"

Baba ya ɗaure fuska. "Ƙanenki yana wahala, ke kina neman tafi?"

Likita ta ɗaga hannu. "Ku bar ta tukuna. Zo nan, 'yata." Ta juya mata littafin. A gefen lamba goma sha bakwai akwai alamar tambaya da jan biro.

"Kin ga wannan? Sau uku ina sa katinki a madubin da yake ƙara girman abu. Ko ƙwayar ƙura ɗaya ban gani ba. Ɗakin tiyata ma ba ya fita haka. Ga shi kuma yana ta ƙamshin turare. Ban yarda da shi ba, amma ba ni da hujja. A aikinmu ba a yanke hukunci da zato. Na gaskiyar yana nan?"

"Yana ƙarƙashin akwatina, cikin leda."

"Cikin leda? To kin yi kuskure ɗaya, kin yi dabara ɗaya. Mu je mu gani."

Da ta tashi daga aiki, Likita ta bi su gida. Ta karɓi katin, ta duba, ta girgiza kai. Ba ta dubi shara ba, ba ta dubi labule ba. Ta tsaya inda ƙusar take, ta leƙa ta taga. Ga janaretan Baba a ƙasa, bakin hayaƙinsa yana kallon tagar. Bangon wurin duk ya yi baƙi.

Ta ce, "Ga mai laifin nan."

Baba ya dafe kai. "Ni da hannuna na ajiye shi nan, don kada ƙara ta dami masu kawo ɗinki. Ashe ɗana nake shaƙa wa hayaƙi!"

Likita ta ce, "Ba ka sani ba ne, Baba. Mutane da yawa ba su sani ba. Hayaƙin janareta mugun abu ne, wani ma ido ba ya ganinsa. A kai shi fili, nesa da taga da ƙofa. Kada a taɓa tayar da shi a cikin ɗaki."

Nan take Baba da maƙwabcinsa suka ciccibe shi zuwa can ƙarshen fili. Likita ta ba Auta maganin shaƙa, ta koya wa Umma yadda ake amfani da shi. Maganar allura kuwa, ta ce a dakata a gani.

Ranar Litinin Sabulu ta tsaya gaban aji, ta faɗi abin da ta yi. Kunya kamar ta nutse. Aku ya buɗe baki zai yi tsiya, sai Malam ya ce, "Kai da ka ƙirƙiro Sarkin Ƙazanta, taso ka tsaya kusa da ita." Su biyu suka share aji har mako guda. Sabulu ba ta damu ba. Aku ne ya sha wuya.

Bayan wata biyu aka koma asibiti. Likita ta saurari ƙirjin Auta, ta daɗe tana saurare. Sannan ta sa wa Sabulu abin sauraren a kunne.

"Me kika ji?"

"Iska kawai. Tana shiga, tana fita."

"Shi ke nan. Haka lafiyayyen huhu yake magana."

Ta gaya musu cewa saboda abin da ta gani a gidansu, ta koma gidaje goma sha ɗaya ta duba inda suke ajiye janareta. An gyara a guda takwas.

Sabulu ta ce, "Likita, idan na girma zan iya irin aikinki?"

"Za ki iya. Sharaɗi ɗaya ne. Abin da kika gani, shi za ki rubuta, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba."

Auta kuwa ya warke sumul. Ya koma tsalle daga kujera zuwa katifa, har Umma ta fara cewa, "Likita ba ta da maganin ƙiriniya ne?"

Yara, idan malami ko likita ya tambaye ku abu, ku faɗi gaskiya yadda take. Kada kunya ta sa ku ɓoye ta. Gaskiyar da kuke jin kunyarta, wataƙila ita ce maganin wani.