Ba a Tsaya wa Suruki

Akwati biyu, ɗaya zif ɗinsa ya mutu an ɗaure shi da bel. Kwamfuta. Kwalin digiri a cikin leda. Kwat mai kauri ta ƙasar ƙanƙara, wadda ba zai sake sa ta ba. Abin da ya dawo da shi ke nan daga karatun injiniyan gadoji, kuma duk suna bayan motarta suna karo da juna tun daga filin jirgi.

"Ki rage gudu," ya ce.

"Ka saba. Nan ba can ba ne."

Ba ita ta zaɓe shi ba. Al'adar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban tallafin karatu ce: duk wanda ya gama ya dawo, sai a ba shi mai riƙo cikin waɗanda suka riga shi, ya ɗauko shi, ya gyara masa takardun neman aiki, ya kai shi gaban manya har ya tsaya da ƙafarsa. Ƙuri'a ta faɗo a kanta. Ta bar ɗakin ba da magani na asibiti ta zo ta tsaya a rana, shi kuwa ya fito yana yamutsa fuska yana fifita da fasfo.

"Za ka narke, Ɗan Sanyi?"

"In ba ki kashe ni a hanya ba, Kwamanda."

Sunayen suka bi su.

Ta riƙe shi riƙon da ba tausayi. Ta mayar masa da takardarsa duk ta sha jan biro. Ta zaunar da shi a kujerar roba bayan kantar magani tana yi masa gwajin intabiyu, marasa lafiya na leƙe ta taga.

"Ka daina cewa 'a can muna yin kaza.' Wanda zai ɗauke ka bai taɓa zuwa can ba, kuma ba ya son a tuna masa."

"Ke haka kike da kowa?"

"A'a. Wasu suna da kai."

Ya yi dariya, abin ya ba ta haushi, haushin ya bi ta har gida. Da ta duba waya sai ga saƙo:

"Kwamanda, na gyara shafi na biyu. Na kuma lura in kina faɗa gira ɗaya ce take ɗagawa. Gobe zan sake yin kuskure."

Ta rubuta: "Ka nemi aiki." Ta goge. Ta sake rubuta shi, ta tura. Sannan ta tsaya gaban madubi ta ɗaga gira.

Kafin kamfanin gine-ginen da ƙungiya ke kai wa mutane ya buɗe gurbi, sai da ta kai in bai kira ba, ita take kira ta zage shi don bai kira ba.

Wanda ya kai maganar gida Lauya ne, ɗan kwamitin ƙungiya, wanda ya taɓa neman ta ta ce masa ya je ya huta. Mahaifinta shi ne shugaban ƙungiyar, cikin rukunin farko da tallafin ya fitar. Ya kira ta falo, bai ce ta zauna ba.

"An ba ki amana kin mayar da ita zance."

"Baba, ban..."

"Tsani yake nema. Yaro ya dawo ba shi da ko kujera, ya ga 'yar shugaba. Ya san dokar?"

Ba ta gaya wa Ɗan Sanyi dokar ba, kuma ta san dalilin da ya hana ta.

Dokar Baba ne ya kafa ta da bakinsa: ƙungiya ba ta tsaya wa ɗan uwan ɗan kwamiti, na jini ko na aure. A kanta aka fara gwada ta. Lokacin da ta dawo da nata kwalin, abokan karatunta suna shiga ofisoshi da kiran waya ɗaya, ita tana bin asibitoci da ƙafa har dugadugan takalminta suka cinye. Baba yana kallo, bai ɗaga waya ba.

Washegari ta samu Ɗan Sanyi a bakin asibiti, ta faɗa masa ba kwana-kwana.

"In ka aure ni, ka zama surukin shugaba. Kwamiti ba zai tura sunanka ba. Kamfanin nan kuma ba ya ɗaukar kowa sai ta hannunmu."

Ya dubi makullin da ke hannunta.

"To mu yi shiru mana," ya ce. "A tura sunan, in kama aiki, daga baya in turo manya. Wa zai sani?"

"Ni."

"Kwamanda, ki yi tunani. Da me zan riƙe ki?"

"Ni na shiga ta ƙofa ƙafata tana jini. Ba zan auri wanda ya shiga ta taga ba. Ashe Baba ya fi ni ganin mutane."

"Ashe ke ba miji kike nema ba, abokin wahala kike nema."

"Sauka lafiya, Injiniya."

Bai kira ba. Ita ma ba ta kira ba. Ranar da Lauya ya biyo karɓar maganin hawan jinin mahaifiyarsa, ya jingina da kantar magani yana murmushi.

"Ƙanwata, na ga ɗan riƙonki a kamfanin, ya sha taye. Mai hankali ne. Ya san abin da ake ci da shi."

Ta miƙa masa maganin. "Ɗaya da safe. Na gaba."

Ranar zaman kwamiti, a ɗakin karatun Baba, dole ta halarta, don mai riƙo ce take gabatar da nata. Ta tsaya ta faɗi gaskiya: ya iya aikinsa, ya fi sauran, a tura shi. Ba ta dubi inda yake zaune ba.

Ɗan Sanyi ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a cire sunana."

Baba ya sauke tabarau. "An kai ka, an dawo da kai, an share maka hanya. Wasa ka ɗauke mu?"

"Na je kamfanin na tambaya ko za su gwada ni ba ta hannun ƙungiya ba. Sun ce a'a. Na gwada wata dabara kafin nan, aka wanke ni tas, kuma na cancanta." Sai a lokacin ya dube ta. "Akwai wata da ta dawo bayana, ta karanta abin da na karanta. A ba ta. Ni 'yarka nake nema."

"Da wane aikin?" in ji Lauya.

"Da wanda zan samu. Mai riƙona ta san hanyar, ta bi ta."

"Ban ce zan raka ka ba," ta ce.

"Kin ɗaga gira."

Ta sauke ta da sauri, amma kowa ya gani.

Baba ya dubi 'yan kwamiti. "Ku ba mu wuri." Suka fita ɗaya bayan ɗaya, Lauya a ƙarshe, yana jan ƙafa kamar zai ce wani abu. Baba ya tsaya riƙe da ƙofa, ya juyo gare ta.

"Kin san abin da ke gabansa. Ba zan ɗaga masa waya ba."

"Na sani, Baba."

"Kina so a haka?"

"A haka nake so."

Ya tura ƙofar ta rufu.

"Ka turo manyanka," ya ce. "Na ba ka. Allah ya yi muku albarka. Aiki kuma ka sayi takalmi mai ƙwari."