Jikan Absalom

Tun da 'yan Nijar suka fara sauka a Greensboro ta Amurka, ba a taɓa wulaƙanta wani kamar yadda aka wulaƙanta ni ranar walimar Tchima ba. Ni Laouali, da shaddata mai ƙara da turarena na Dubai, aka zaunar da ni bakin ƙofa kusa da tarin takalma, aka miƙo mini wuyan kaza. Wuya fa, jama'a.

Abin ya faro ne a falon yayana Alhaji Maazou, a 2005. Muna cin dambu sai matarsa Hajiya Fassouma ta ce akwai mai son turo magabata neman 'yarsu Tchima. Zakaria sunansa, Bature ɗan garin Summerfield da ke kusa da mu, abokin karatunta a jami'a, shekararsa uku da musulunta. Alhaji bai ja da addinin yaron ba, don sahu ɗaya suke yi ranar Juma'a. Amma ya ce gidanmu ba a ba da 'ya sai an binciki asali. To wa za a aika? Wa ya kai ni Turanci? Tasi nake ja, har lauyoyi na sha ɗauka.

Na rina gemu na tafi. Kakar yaron, Celina, 'yar shekara casa'in, ta tarbe ni da fara'a da shayi mai ƙanƙara. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko ni ne kakan Tchima. Kaka, ni da ban cika hamsin ba. Na yi murmushi na haɗiye.

Ta ɗauko wani tsohon littafi rubutun hannu, tarihin kakansu na farko, Absalom. Da amalanken shanu ya iso yankin, lokacin duk daji ne. Ya sare itatuwa, ya gina ɗakin katako, ya haƙa rijiyar da har yau take bayan gidan. Ya binne matansa biyu da 'ya'ya shida da hannunsa, ya raini goma sha ɗaya, ya rasu yana da shekara ɗari da huɗu. In sanyi ya shigo, shi ke zagaya gidajen matan da mazansu suka mutu, ya yanka musu dabba ya gyara naman, ba ya karɓar ko sisi. Tsohuwa tana karantawa tana share hawaye. Ta ce burinta ɗaya ya rage, ta rubuta sunan Tchima a shafin ƙarshe da hannunta kafin ta tafi.

Da na koma Alhaji ya ce, "To, me ka samo?"

"Yaya, ni ba na son yawan magana. Amma mahauta ne, tun daga tushe."

Alhaji ya ture kwano, ya ce jikanyar malamai ba za ta shiga gidan fawa ba. Tchima ta fito daga kicin tana kuka.

"Baba, injiniya ne fa. Tonton Laouali, filis, don Allah ka faɗi duk abin da aka nuna maka."

Na duba agogo na ce fasinja yana jirana.

Zakaria ya nemi ya yi bayani, Alhaji ya ce babu mai faɗin aibin gidansu, shi kuwa ƙaninsa ba zai yi masa ƙarya ba. Haka aka shekara biyu. Ƙawayen Tchima sun sha gaya mata nan Amurka ce, minti goma a kotu an gama. Ta ce ba za ta yi auren da ubanta zai ji labarinsa a bakin mutane ba. Ta rame, ta daina zuwa biki. Zakaria kuwa duk Juma'a sai ya durƙusa ya gai da Alhaji, ana ba shi kan yatsu.

Da ciwo ya kwantar da Celina, sai ta aiko da littafin kansa, naɗe cikin mayafi, ta roƙi a karanta wa Alhaji. Tchima ta zauna tana fassara masa layi-layi. Da aka gama sai ya kira ni a waya.

"Laouali, mai taimakon iyayen marayu kyauta ka kira mahauci? Kuma ko mahaucin ne, da me muka fi shi? Ni ma ban yi daidai ba."

A ranar ya sa rana. Saura sati bakwai a ɗaura aure Celina ta rasu. Zakaria ne ya rubuta sunan Tchima a littafin.

Bayan biki na sami Tchima a gidanta na ce ta yafe mini, kuskuren fassara ne. Ta kawo mini ruwa da ladabi.

"Na yafe, Tonton. Amma wadda ya kamata ka roƙa tana Summerfield, a maƙabartar bayan coci."

'Yan mata, ku yi koyi da haƙurin Tchima, ta sami mijinta da albarkar ubanta a tare. Iyaye kuma, in za ku binciki asali, ku fara bincikar wanda kuka aika. Babu wani kuskuren fassara, na ji kowace kalma sarai. Tsohuwa ta ce mini kaka, ni kuma na cinye wa yarinya shekara biyu, na hana matar abu ɗaya da ta roƙa a duniya.